Yadda ake shuka wedeliya ta rufe tsakar gida ba tare da ta cinye lambu ba

Masu sababbin gidaje a Barnawa, Narayi, Unguwar Romi da Sabon Tasha a Kaduna sukan nemi furen da zai kwanta a ƙasa, ya rufe jar ƙasar tsakar gida, ya yi ta fure shekara da shekaru ba sai an sake shuka ba. Da yawansu sun ga hoton asta a intanet, gajeruwar nan mai fure shuɗi ko ruwan hoda. Ka adana kuɗinka. Asta 'yar ƙasashen sanyi ce, sai ta huta cikin hunturu mai tsanani take sake tohowa da ƙarfi, zafin Maris da Afrilu na Kaduna kuwa ba ya raga mata. 'Yar uwarta da ta dace da mu ita ce wedeliya: ganye kore shar mai sheƙi, sau da yawa mai tsini uku, da ƙananan furanni ruwan ɗorawa. Danginsu ɗaya da asta da shuwaka da latas, asalinta kuma tsakiyar nahiyar Amurka.

Shuka ta ba wuya. Tsare ta a inda ka ajiye ta shi ne aikin.

1. Lokaci da wuri

Ka shuka a watan Yuni, bayan damina ta zauna. Ka zaɓi inda rana ke dukan rabin yini ko fiye. A ƙarƙashin mangwaro za ta rayu, amma ganye za ka samu, fure sai jefi-jefi.

2. Iyaka kafin shuka

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin mai sayar da fure ba zai gaya maka ba. Wedeliya ba ta dogara da iri wajen yaɗuwa, da jijiya take tafiya. Ka ɗaga reshe ɗaya da ya kwanta ka duba ƙarƙashinsa: a kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa za ka ga fararen saiwoyi sun fito sun kama. Kowace gaɓa sabuwar shuka ce mai cin gashin kanta. Shi ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin jerin halittu 100 mafiya mamaye wuraren da aka kai su, wanda ta fitar a shekarar 2000.

Saboda haka, kafin ka sayi ko leda ɗaya, ka haƙa ɗan rami ya zagaye wurin, ka jera bulo mai inci 6, rabinsa a cikin ƙasa, rabi a waje, ka like tsakaninsu da siminti. Tsofaffin tayoyi da kwalaben da ake jerawa a bakin kwami ba sa tare ta, ta tsakaninsu take bi. Mafi kyawun wuri shi ne wanda siminti ko intalok ya riga ya kewaye: tsakanin katanga da hanyar mota, ko gindin katangar waje. A kan daɓe reshe ba ya samun abin kamawa, kana ganinsa ka datse.

Kada ka haɗa ta da ciyawar ado, kada kuma ka kusanta ta da kwamin alayyafo ko tumatir. In ta shiga cikinsu, sai ka tone komai da komai kafin ka rabu da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. Gyaran ƙasa

Ƙasar yawancin unguwannin nan ja ce, ga marmara, ga ɓaraguzan gini da magina suka binne. Ka kafce ta da diga zurfin taƙi ɗaya, ka tsince duwatsu da guntayen bulo, ka gauraya da ruɓaɓɓen kashin shanu, kamar kwanon gini ɗaya a kowane taku biyu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, taki mai ɗanyen kara kuma gara yake kira.

4. Dashe

Masu furanni na bakin titi suna sayar da ita a baƙar leda, kuma tana cikin mafiya araha. Amma in maƙwabcinka yana da ita, roƙi abin da ya datse, kyauta zai ba ka. Ka yanka reshe mai gaɓa 4, ka cire ganyen gaɓoɓi biyu na ƙasa. Kada ka soke shi tsaye. Ka kwantar da shi a karkace, gaɓa biyu a binne, biyu a waje, ka danne ƙasar da tafin hannu. Ka bar tazarar santimita 30 zuwa 40. Da yamma ake dashe, a bi da ruwa. Cikin mako biyu za ka ga sabon toho, kafin ƙarshen damina kuma ƙasa ta rufu. Ka riƙa cire ciyawa da hannu har ta haɗe, daga nan ita za ta danne ciyawar da kanta.

5. Taki da ruwa

Ka bar yuriya ga masara. In ka zuba mata, ganye zai yi bul, fure ya ɗauke. Ɗan barbaɗen NPK 15-15-15 sau ɗaya a farkon damina ya wadatar.

Da damina ba ruwanka da ban ruwa. Daga Nuwamba, idan hunturu ya kama, ka ba ta ruwa sosai sau biyu a mako, ya ratsa ƙasa, maimakon yayyafin kullum da ba ya kai wa saiwa. Ka watsa ta sama lokaci-lokaci don wanke ƙurar da ke dusashe ganyen. In rijiya ta ja baya a Maris, ganyen ya yi yaushi, kada ka tumɓuke ta. Ruwan farko zai tashe ta.

6. Aski

Kada ka bari tsayinta ya wuce taƙi ɗaya. In ta yi tudu, ƙasanta yakan zama busassun jijiyoyi, maɓoyar ɓera da maciji, abin da mai yara a gida ba zai so ba. Sau biyu a damina ka aske ta da almakashin lambu ko lauje mai kaifi, a Yuli da kuma ƙarshen Satumba. Bakin iyaka kuwa duk mako biyu. Ka sa safar hannu, ruwan jikinta yana sa wa wasu ƙaiƙayi.

7. Abin da ka datse

Don Allah kada ka zuba shi a kwata, ko bola, ko kangon da ke bayan gida. Ruwan Agusta zai kwashe shi ya bi magudanu zuwa rafuka da bakin kogin Kaduna, inda mutane ke noman rani, kuma guntun reshe ɗaya ya isa ya kafu a fadamar wani. Ka baza shi a kan siminti cikin rana har ya bushe ƙayau, yana karyewa in ka murza, sannan ka ƙone. Wanda kuma ya roƙi reshe a wurinka, ka ba shi, amma ka fara tambayarsa ko ya jera bulonsa.