Araha Ba Ta Ado: Gargaɗi Ga Masu Sayen Na'urar Ɗaga Ƙarfe Ta Gida

Sana'ata harhaɗa na'urorin motsa jiki da gyaransu. A Kano nake zaune, amma aiki yana kai ni Kazaure da Roni da Ɓaɓura, wani lokaci har Daura. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne abin da na tarar a wani gida a ƙasar Gwiwa, wanda har yanzu idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Maigidan ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai rufin asiri, ya haura shekara hamsin. Likita ya ce masa sukarinsa ya hau, ya rage tumbi, ya riƙa motsa jiki. Shi kuma yana jin nauyin a gan shi yana sassarfa a bakin titi, sai ɗansa ya nuna masa hoton irin na'urar nan mai haɗe da komai, ta jawowa daga sama, ta tura ƙirji, ta ƙafa, duk a jiki ɗaya. Maigidan ya karɓi lambata a wurin wani da na taɓa yi wa aiki a Kazaure, ya turo mini hoton ta WhatsApp.

Ya ce, "Malam, ga ta nan. 'Yar Beljiyam ce, an bar mini ita rabin kuɗin sabuwa. Me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, hoto ba ya nuna lafiyar waya. Ka dakata in je shagon in taɓa ta da hannuna. Idan ta yi, ni zan kawo maka in haɗa."

Ya ce to. Daga nan na ji shiru. Ashe dillali ne ya ce masa akwai wani mai so daga Katsina, idan ya kwana bai biya ba ta tafi. Ya biya. Aka ɗora ta a mota a kan buhuna, aka sauke masa ita gunduwa-gunduwa, babu takardar bayani, babu zanen haɗi, notuna a cikin leda. Ya ga kuɗin motata da na aikina sun yi yawa, sai ya kira mai walda na gari, wanda bai taɓa haɗa irinta ba.

Mai waldan ya yi abin da ya iya. Inda noti bai shiga ba, ya ɗiga walda. Babbar wayar da ke ɗaukar jeren ƙarafa ta zo a tsattsage, robarta ta ɓare kusa da kai, sai ya yanke wurin, ya ga ta gajarce, ya ƙara mata guntuwar waya ta daban, ya matse mahaɗin, ya naɗe da baƙin salatif. Fil ɗin zaɓen nauyi bai zo ba, aka maye gurbinsa da ƙusa inci shida. Murfin da ke rufe jeren ƙarafan shi ma babu, kuma ba wanda ya tambaya, don ba su san ana yin sa ba. Da aka ga ta fi ƙarfin silin ɗin ɗakin Alhaji, sai aka kafa ta a rumfar tsakar gida, inda mata ke aiki yara ke wasa.

Alhaji ya ɗan taɓa ta a makon farko ya bari. Ta koma hannun samarin gidan da abokansu na majalisa, kowa na son ya nuna ya fi wani. Wata rana bayan la'asar ƙanen Alhaji ya zura ƙusar nan a can ƙasa, ya kama sandar sama ya jawo da ƙarfi. Jikar Alhaji, yarinya 'yar shekara huɗu, tana tsugune a bayan na'urar tana kallon ƙarafa suna hawa suna sauka, ta zura hannu a tsakani. Mahaɗin wayar ya zame. Sandar ta daki saurayin a baki ta karya masa haƙoran gaba, ƙarafan kuma suka faɗo gaba ɗaya a kan hannun yarinyar.

Nan ma aka ƙara kuskure a kan kuskure. Maimakon a wuce asibiti, aka kai ta wurin mai ɗori, ya ɗaure yatsun da suka riga suka murƙushe, ya ɗaure tamau. Sai da hannu ya kumbura, yatsu suka fara canza launi, yarinya ta kasa barci, sannan aka kai ta asibiti a Kazaure. Daga can aka tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, sun ceci hannun, amma yatsu biyu sai cirewa aka yi. Hannun dama ne.

Bayan an sallame su Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Malam, don Allah zo ka kwance abin nan ka fita da shi, ba na son in ƙara ganinsa." Na je na kwance. Da na warware salatif ɗin na ga mahaɗin, sai da jikina ya yi sanyi. Biyu daga cikin fuli sun tsage, boris ɗinsu ya mutu, gefensu yana yankar waya kullum aka ja. Sandunan jagora an shafe su da baƙin mai, ƙura ta daskare a kai. Ƙafar baya ba ta taɓa ƙasa sosai, an tokare ta da dutse. Wannan na'ura tun ranar da aka kafa ta take jiran wanda za ta ji wa ciwo.

Mutanen gidan suna ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma ƙusa a madadin fil ganganci ne. Waya mai ƙari ganganci ne. Kafa ƙarfe mai hawa da sauka a inda yara ke rarrafe ganganci ne. Ga abin da nake so kowa ya riƙe:

Ba a yi wa wayar na'ura ƙari. Canza ta ake yi gaba ɗaya.

Na'urar da ba ta da murfin ƙarafa ba ta shiga gidan da ke da yara.

Wanda bai taɓa haɗa ta ba, kada ya koya a kan taka.

Wannan na'ura ba sabuwar aba ba ce. Wani Ba'amurke mai suna Harold Zinkin ne ya fito da irinta mai jeren ƙarafa da fil a shekarar 1957, aka san ta da sunan Universal, kuma dalilin yin ta shi ne mutum ya ɗaga nauyi ba tare da ƙarfe ya faɗo masa ba. Amma duk wannan kariya a kan waya ɗaya take rataye. Wayar da ake sa mata ta musamman ce, 7x19 mai rigar roba, kuma ana matse kanta da injin matsi, ba da guduma ba. Mai yasar rijiya ba ya yarda a zura shi da igiyar da aka ƙulla a tsakiya, to don me za ka zauna ƙarƙashin kilo sittin ko saba'in da ke rataye a waya mai ƙulli? Idan za ka saya, bi wayar da yatsunka tun daga kai har ƙarshe. Idan ka ji kumburi, ko tsaga a roba, ko silin ƙarfe ya soke ka, ta gama aiki. Ka tambayi mai shago ko yana da wayarta da fulinta a ajiye. Idan ya ce "ai ba sa lalacewa," juya ka fita. Suna lalacewa, kuma su ne abin da nake canzawa fiye da komai.

Masu saye kuma kuna ba ni haushi a wuri ɗaya. Tambayarku ta farko kullum ita ce, "Motsi nawa take yi?" Kwali ya ce talatin, wani ya ce hamsin, sai ku zaɓi mai hamsin. Wallahi yawancinku ba za ku wuce biyar ko shida ba. Ba wanda ke tambayar kaurin ƙarfen. Mai ƙwari bututunta yana kai milimita uku, geji 11 ke nan, matsakaiciya milimita biyu, ƙasa da haka kuwa fenti kawai ka saya. Kama ta ka girgiza, ka zauna ka tura ba nauyi, idan tana rawa a shago to a gida sai abin da ya ƙaru. Duba bakin walda, duba ko an yi sabon fenti a kan tsatsa, musamman 'yan gwanjo.

Haka lambobin da ke jikin ƙarafa. Da yawa a fam aka rubuta su, dillali ya karanta maka a kilo. Fam 150 kilo 68 ne, ba ƙari. Wasu kuma tsarin fulinsu biyu-bisa-ɗaya ne, abin da ke zuwa hannunka rabin abin da ka zaɓa ne. Wasu faifan ba ƙarfe ba ne ma, roba ce aka cika da siminti, idan ta sha faɗuwa sai ta fashe. Ba haramun ba ne sayen irinta, amma ka san abin da ka biya wa kuɗi.

Sau da yawa akwai tambari a jikin na'ura ta gaskiya, mai nuna iyakar nauyin mutumin da zai hau da kuma ajinta a ƙa'idar ISO 20957. Harafin H na gida ne, S na gidajen motsa jiki. Turawan da suka rubuta "na gida" mutane kaɗan suke nufi. Gidanmu kuwa akwai ƙanne, akwai 'ya'ya, akwai 'ya'yan maƙwabta da abokansu. Idan ka san samari goma za su riƙa hawa, ajin H ba naka ba ne. Ku kuma matasan da ke sayen irin wannan ku kafa a shago kuna karɓar kuɗin wata, ku ji tsoron Allah, rayukan mutane ne a hannunku.

A auna wuri kafin a biya kuɗi. Yawancinsu tsayinsu yana kai mita biyu ko ya ɗan ɗara, kuma suna son sarari ta kowane gefe. Ɗauki tef ka auna ɗaki, ka auna ƙofa. Daɓen ya zama siminti miƙaƙƙe. Rashin awo ne ya fitar da ta Alhaji tsakar gida, fitarta tsakar gida kuma shi ya kai hannun yarinya gare ta. Ɗaki mai ƙofa da kwaɗo, makulli a aljihun babba. Zan sake faɗa: ɗaki mai kwaɗo. A Amurka ma, inda ake bin ƙa'ida, a watan Mayun 2021 kamfanin Peloton ya janye wata na'urarsa ta gudu daga kasuwa bayan mutuwar wani yaro. Yaro ba ya ganin haɗari a jikin ƙarfe mai motsi, abin wasa yake gani. Idan an gama, a sauke ƙarafa har ƙasa, a zare fil a ɓoye. Kuma fil na asali, mai maƙalewa. Ba ƙusa ba, ba sukudireba ba, ba guntun rodi ba.

Ƙurar hunturu tana cin na'ura a yankinmu, don haka a rufe ta da zani, a goge sanduna, a sa man silikon. Baƙin mai na inji ne. Damina kuma idan feshi ya shiga ƙarƙashin robar waya, tsatsa na cinta daga ciki ba ka gani. A bi notuna da sifana lokaci-lokaci.

'Yan'uwana masu walda, ina girmama sana'arku, tare muke aiki. Benci da maratayin ƙarfe kuna yin masu kyau idan an ba ku ƙarfe mai kauri daga Ƙofar Ruwa. Amma idan aka kawo muku mai waya da fuli ba ku san ta ba, ku ce ba ku sani ba. Ba abin kunya ba ne. Dubu biyar ɗin da za ka karɓa ba za ta sayi yatsa ba.

Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma kada ya riƙe numfashi yana tura nauyi. Idan kuma ƙarfe ya murƙushe hannu ko ƙafa, asibiti kai tsaye, a ranar, a sa'ar. Murƙushewa ba targaɗe ba ce, ɗauri yana iya kashe abin da ya rage da rai.

Ba na hana kowa motsa jiki, da shi nake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Amma wannan ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. Dattijo irin Alhaji, tafiyar ƙafa bayan asuba da ƙananan ƙarafan hannu biyu da benci mai ƙwari sun ishe shi. Idan kuɗinka bai kai na mai kyau ba, ko ba ka da ɗakin kulle ta, ka haƙura da ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda kuma ya riga ya saya, don Allah ya tashi yau ya duba wayarsa da fil ɗinsa. Idan ya ga tsaga ko ƙari, kada kowa ya sake hawa har sai an canza. A kulle ɗakin, a kira wanda ya san aikin, a biya shi haƙƙinsa. Allah ya tsare mu da iyalanmu.