HASKE YA ZAMA MAKULLI

Wanda ya saba shiga kasuwar Kuje ya sha ganin mai sayar da doya ya karɓi takardar naira dubu, ya ɗaga ta sama wajen rana kafin ya sa aljihu. Ba wasa ya ke yi ba. Akwai zane ɓoye cikin jikin takardar, da wani siririn zare, ba su fitowa sosai sai haske ya ratsa ta. In bai gan su ba, to, jabu ce, wahalarsa ta yini ta tafi a banza. Watau dai haske ya zama masa mai gadi.

Masu ilmi sun kai abin nan nesa. A 1947 Dennis Gabor, mutumin Hungari mai aiki a Ingila, ya gano hanyar yin hologiram, watau hoton nan mai walƙiya da ya ke sāke kama in an karkata shi. Irinsa ne ku ke gani a jikin katin banki, na'urar kwafi ba ta iya kwaikwayonsa. An ba shi lambar Nobel a 1971.

A 1995 kuma Refregier da Javidi suka nuna yadda za a kulle hoto da hasken leza. Sai a haska hoton, hasken ya bi ta wani faranti mai hargitsa shi, ya ratsa gilashi mai tattara haske, sa'an nan ya bi ta faranti na biyu. Abin da zai fito kamar an watsa rairayi, ba kai ba gindi. Ba mai maido da hoton sai wanda ya riƙe makullin da ya dace da farantan nan.

To, ga wata dabara ta Naor da Shamir, ta 1994, wadda kowane malami zai iya gwadawa a aji. Ku sami leda biyu masu haske, ku ja musu gidaje kamar na dara, ku raba kowane gida biyu. A leda ta fari ku jefa kwabo a kan kowane gida, shi zai zaɓi gefen da za a baƙanta, dama ko hagu. A ta biyu, in gidan ba ya cikin harafin da ku ke so ku ɓoye, ku baƙanta gefe ɗaya da na farin. In yana ciki, ku baƙanta ɗaya gefen. Kowace leda ita kaɗai ba ta nuna kome. Amma ku ɗora su ku ɗaga wajen taga, sai ga harafin ya fito baƙi ƙirin.

Yaron da ya ga wannan da idonsa, da wuya a cuci ubansa da kuɗin jabu yana tsaye.

Tambaya: in leda ɗaya ta faɗa hannun ɓarawo, me zai karanta? Don me?