Sanin Tsuntsaye Ta Danginsu: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu Na Ƙasar Birnin Kudu Da Gwaram

In hatsi ya soma nuna, dagacin wani gari kamar Wurno ya aiko wa hakimi cewa tsuntsaye sun sauka wa gero, tambayar da malamin gona zai fara yi ita ce, wane tsuntsu? Takardar da ba ta amsa wannan ba, amfaninta kaɗan ne, gama a Nijeriya kaɗai akwai tsuntsaye fiye da iri 900, kuma masu ɓarna a gona ba su taka kara sun karya ba a cikinsu.

Ba mai iya haddace su ɗaya-ɗaya. Saboda haka masana suka kasa su dangi-dangi, bisa ga kamannin halittarsu. Wani malami mutumin Suwidin, Karl Linniyas, shi ne ya daidaita wannan hanya a littafinsa na 1758, inda ya ba kowace dabba suna biyu da Latinanci. A yau an san tsuntsaye wajen iri 11,000 a duniya, amma danginsu bai fi 250 da 'yan kai ba. Wanda ya san dangi, ko ya gamu da baƙon tsuntsu, ya san gidan da ya fito. Abin dubawa kuwa huɗu ne, watau baki, da ƙafa, da wutsiya, da yadda yake tashi. Launi shi ne na ƙarshe, don yakan sāke da damina, kuma na mace dabam da na namiji.

Ƙasar Wurno ba kurmi ba ce. Kurmi na sosai yana kudu, kamar Okomu a Jihar Edo da Oban a Jihar Kuros Riba. Amma dangogin da ke can suna da 'yan'uwa a nan, kuma da na gida ake gane na dawa. Aku ɗan kurmi ne, toka-toka mai jar wutsiya. Tsirya tamu kuwa kore ce, mai doguwar wutsiya. Wanda ya dubi launi ba zai haɗa su ba. Amma dukansu bakinsu gajere ne mai lanƙwasa kamar ƙugiya, yatsu biyu na duban gaba, biyu na duban baya, da su suke riƙe abinci su kai baka. Dangi ɗaya ne. Ya kamata hakimai su sani, a 2016 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar hana fataucin akun da aka kamo a daji daga wata ƙasa zuwa wata, saboda ya yi ƙaranci ƙwarai.

Haka cilakowa take da manyan 'yan'uwanta na kurmi masu tulluwa bisa baki. Alamarsu dogon baki mai lanƙwasa, da tashi na fiffika kaɗan a saki jiki. Al'adarsu guda ce wajen ƙwai: macen takan shiga kogon itace, a liƙe ƙofar sai 'yar kafa, namiji ya riƙa miƙo mata abinci. Burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi, makusancinsu ne, ko da yake shi a ƙasa yake kiwo. Tsuntsayen ruwa kuma a sama ake raba su. Balbela da zalɓe sukan naɗe wuya in suna tashi, shamuwa kuwa miƙe shi take yi.

To, inda sanin nan ya fi tsada shi ne wajen ƙananan tsuntsaye masu gajeren baki mai kauri, na fasa ƙwaya. Uku ne aka fi rikita su.

Jan baki, wanda masana ke kira Quelea quelea, shi ne abin tsoro. Tsawonsa bai kai inci 5 sosai ba, bayansa ruwan ƙasa ne mai zane-zane. Da damina namiji yakan yi baƙar fuska, bakin mace kuma ya koma rawaya, don haka sunan nan nasa ma yana iya ruɗin mutum. Abin da ba ya ɓuya shi ne taronsa. Yakan taso dubu-dubai, a hango shi kamar hayaƙi yana murɗawa, ya sauka wa gero ko dawa ko shinkafa ko alkama. Da magariba sai ya koma makwanci guda, cikin sarƙaƙiyar ƙaya ko cikin kacala, irin wadda ta cika fadamun Haɗeja da Nguru. Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, amma in ta yi wuya sai gona.

Marai danginsu ɗaya da jan baki, dangin masu saƙa sheƙa. Ya fi shi girma, namijin rawaya ne mai baƙin kai da damina, sheƙunansa na reto bisa itatuwa cikin gari, ga yawan surutu. Yana taɓa hatsi, ba shakka, amma ɓarnarsa ta kusa da gida ce, wadda yara da gwangwani da majajjawa kan iya.

Baiwar Allah kuwa, wadda ke shigowa tsakar gida tana tsintar tsaki, dangi dabam ce. Bakinta ja ne, shi ya sa akan yi mata ƙazafi, alhali bibbiyu take yawo ko 'yan kaɗan, ba ta da wani laifi a gona.

Dalilin wannan bambancewa shi ne abin da kan biyo bayan rahoto. Maganin da akan fesa wa jan baki daga jirgin sama guba ne mai ƙarfi, ba ya zaɓe. Yakan kashe tsuntsayen da ba ruwansu, har shaho da shirwa da suka ci gawar. In aka fesa bisa rahoton kuskure, an yi hasarar kuɗin hukuma da tsuntsaye masu cin fara da tsutsa, jan bakin kuma yana nan.

Saboda haka lalle ne malamin hakimi ya rubuta girman tsuntsun da siffar bakinsa, da kimanin yawan taron, da irin amfanin da aka taɓa, da ranar da aka fara ganinsa. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne inda yake kwana, gama da dare a makwanci ake samunsa gaba ɗaya. Sai dagaci ya sa mutum biyu su bi taron da yamma har su ga inda ya sauka, a rubuta sunan wurin da nisansa daga gari da kuma ko akwai rijiya ko mashayar dabbobi kusa.