Haruffa Masu Ƙugiya da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buga Hausa a kwamfuta ya san wahalar da ake sha wajen samun ɓ da ɗ da ƙ. Wasu kan haƙura su buga b da d da k, su bar mai karatu ya yi ta laluben ma'ana. Wannan kuwa ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin ƙugiyar nan ita ke raba baki da baƙi, da fada da faɗa, da kafa da ƙafa. Wannan darasi zai bayyana tushen matsalar, sannan ya nuna hanyoyin magance ta.

Tushen matsalar

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. Saboda haka kowane harafi sai an ba shi lambarsa. Tsarin da ya fara yaɗuwa shi ne ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963. Gurabe 128 kacal gare shi, an kuma cika su da haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu da na umarni. Babu gurbin harafi mai ƙugiya ko ɗaya.

A shekarun 1990 masana sun yi dabarar ƙera zubin haruffa na musamman, irin su Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano. Dabarar ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. Wannan ya share wa marubuta hawaye ƙwarai, amma da saura. Lambar da ke ƙarƙashin harafin har yanzu ta alamar da aka ara ce. Da an kai fayil wata kwamfuta wadda ba ta da wannan zubi, sai alamar asali ta dawo, rubutu ya dagule.

Maganin dindindin shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, da nufin kowane harafi na kowane harshe ya sami lamba tasa shi kaɗai. Ga na Hausa:

Ɓ 0181, ɓ 0253
Ɗ 018A, ɗ 0257
Ƙ 0198, ƙ 0199
Ƴ 01B3, ƴ 01B4

Na ƙarshen nan a Jamhuriyar Nijar aka fi amfani da shi, a Nijeriya kuwa 'y ake rubutawa. Kada a yi mamakin ganin A da B a cikin lambobin, domin lissafi ne mai tushe 16.

Hanyoyin bugawa

1. A manhajar Microsoft Word ta Windows, a buga lambar harafin, misali 0199, sannan a danna Alt da X tare. Nan take lambar za ta rikiɗe ta koma ƙ. A bar fili kafin lambar, don kada na'ura ta haɗa ta da harafin da ke bayanta, daga baya a share filin.

2. Mai dogon rubutu, kamar kundin digiri, gara ya shiga wurin saitin harsuna na Windows ya ƙara tsarin madannai na Hausa. Akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL, wadda ke aiki a kwamfuta da wayar hannu.

3. A wayar hannu, Gboard na kamfanin Google yana da Hausa cikin harsunansa. Sai dai a lura: saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da harafi mai ƙugiya ɗaya ya shiga, sai adadin ya faɗo zuwa 70.

4. Idan ɗan akwati ya fito a maimakon harafi, lambar lafiyarta lau, zubin ne ba shi da zanenta. A sauya zuwa Charis SIL ko Noto Sans.

Ceto tsofaffin rubuce-rubuce

Nan ne babban aiki yake, domin akwai kundaye da littattafai da aka buga da tsohuwar dabara, waɗanda mai bincike ba zai iya gano kalmominsu ba ko da suna cikin na'ura. Gwajin mai sauƙi ne. A yi wa fayil kwafi, a sauya zubin rubutun gaba ɗaya zuwa Arial. In haruffa masu ƙugiya sun tsaya daram, to na Unicode ne. In sun koma wasu alamomi, sai a danna Ctrl da H, a maye gurbin kowace alama da harafinta na gaskiya, ana bambanta manya da ƙanana. A yi hattara da wuraren da alamar ke aikinta na asali, kada a yi gyaran gangar auzinawa. Wajen adana tsuran rubutu kuma a zaɓi tsarin UTF-8.

Kammalawa

Ɗalibi ya jarraba buga wannan jimla ta hanyoyi biyu daga cikin waɗanda aka ambata: Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya a ɗakin baƙi. Sannan ya aika wa abokinsa. In ta isa da ƙugiyoyinta cif, to hannu ya faɗa.