Katin Shaida Mai Hoto da Tsarin Mulkin Jihohin Amurka

Kowace jiha daga cikin jihohi 50 na Amurka tana da kundin tsarin mulkinta, ban da na tarayya. Galibin ƙa'idojin zaɓe kuma a hannun jihohin suke, shi ya sa abin da ake tambayar mai jefa ƙuri'a a rumfar zaɓe ya bambanta daga wannan jiha zuwa waccan. A wata jihar ya faɗi sunansa da adireshinsa ya sa hannu, shi ke nan. A wata kuwa sai ya fito da kati mai ɗauke da hotonsa.

Ɗan Nijeriya da ya saba da katin zaɓe na hukumar INEC, mai hoto, zai yi mamakin yadda wannan ya zama abin jayayya. Dalili shi ne Amurka ba ta da katin ɗan ƙasa guda wanda kowa yake riƙe da shi. Lasin tuƙi ne yake cike wannan gurbi ga yawancin mutane. Wanda ba ya tuƙi, kamar tsoho ko matalauci ko mazaunin babban birni mai hawa bas, yana iya yin shekaru ba shi da wani kati mai hoto da bai daina aiki ba.

Me ya sa ba a tsaya ga doka ba?

A 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta duba dokar jihar Indiyana mai wajabta katin hoto, alƙalai 6 daga cikin 9 suka ce ba ta saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. Sai dai wannan hukunci bai ɗaure kotunan jihohi ba a kan abin da ya shafi nasu kundin. Tun 2006 Kotun Ƙolin jihar Mizuri ta soke irin wannan doka, ta ce ta ɗora nauyi a kan 'yancin zaɓe da kundin jihar ya tabbatar. A 2014 ta jihar Arkansas ta yi haka, bisa hujjar cewa kundin jihar ya riga ya lissafa sharuɗɗan mai zaɓe, majalisa ba ta da ikon ƙara wani.

Akwai kuma gwamna. A 2011 majalisar Minesota, wadda 'yan Republican suke da rinjaye a cikinta, ta zartar da dokar katin hoto, Gwamna Mark Dayton na jam'iyyar Democrat ya hau kujerar na-ƙi.

Gyaran tsarin mulkin jiha da zai wajabta katin hoto yana kauce wa waɗannan shingaye biyu. Ba ya bukatar sa hannun gwamna, daga majalisa sai gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama. In ya shiga kundi, kotun jiha ba za ta ce wajabta katin ya saɓa wa kundin ba. Doka kamar rubutun allo take, majalisar gobe tana iya wankewa, amma abin da ya shiga tsarin mulki sai an sake komawa ga jama'a kafin a taɓa shi.

Yadda jama'a suka amsa

Misisifi ta amince da irin wannan gyara a 2011, Mizuri a 2016, Arkansas da Karolina ta Arewa a 2018, Nebraska a 2022, Wiskonsin a watan Afrilun 2025. A Arkansas masu goyon baya sun kai kusan kashi 79 cikin ɗari, a Karolina ta Arewa kusan kashi 55.

Minesota ce ta fita daban. Da farko ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna gagarumin rinjaye ga gyaran. Masu adawa ba su ɓata lokaci wajen musun amfanin kati ba, sai suka riƙa jefa tambayoyi: nawa ƙananan hukumomin karkara za su kashe? Yaya sojan da yake bakin aiki a ƙasar waje zai yi? Ina makomar rajista a ranar zaɓe, wadda jihar ta daɗe tana yi? Tsohon gwamna Arne Carlson, wanda ya yi mulki a ƙarƙashin Republican, ya fito tare da Dayton suna kira a ƙi. A Nuwamban 2012 gyaran ya samu kusan kashi 46 kacal, ya faɗi.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon baya suna cewa ana nuna kati a banki da filin jirgin sama, don haka zaɓe ya fi cancanta. Suna kuma cewa ko da maguɗi kaɗan ne, yardar jama'a ga sakamakon zaɓe abu ne da ya kamata a tsare.

Masu adawa suna amsawa cewa katin hoto maguɗi iri ɗaya kawai yake hanawa, wato mutum ya yi sojan gona ya jefa ƙuri'a da sunan wani. Justin Levitt, malamin shari'a a Jami'ar Loyola da ke Los Angeles, ya bi diddigin zaɓuɓɓuka daga 2000 zuwa 2014, ya samu zargi 31 masu kama hankali cikin ƙuri'u fiye da biliyan ɗaya. Suna kuma tuna tarihi: jihohin kudu sun daɗe suna hana baƙar fata zaɓe ta hanyar harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu, har zuwa shekarun 1960. Ko an ce katin kyauta ne, takardar haihuwar da ake nema kafin a ba da shi kuɗi ake biya, ofishin kuma yana iya yin nisa.

Wani bincike da Enrico Cantoni da Vincent Pons suka wallafa a 2021, kan zaɓuɓɓukan 2008 zuwa 2018, bai ba kowane ɓangare gaskiya duka ba. Ya nuna tsauraran dokokin kati ba su rage fitowar masu zaɓe ba sosai, ba su kuma canja yawan maguɗi ba.

Inda aikin yake

Gyaran kansa 'yan layuka ne. Majalisa ce take rubuta dokar da za ta faɗi wane kati ake karɓa da abin da za a yi wa wanda ba shi da shi, a nan kuwa ake fafatawa. Dokar Teksas ta 2011, alal misali, ta karɓi lasin riƙe bindiga, ta ƙi katin ɗalibi.

Karolina ta Arewa ta fi kowa shan wannan gwagwarmaya. A 2016 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke dokar zaɓen jihar ta 2013, ta ce an tsara ta ne da nufin taƙaita ƙuri'ar baƙar fata. Bayan gyaran 2018, majalisa ta rubuta sabuwar doka a watan Disamba, Gwamna Roy Cooper ya hau kujerar na-ƙi, aka tsallake shi da rinjaye. Kotun Ƙolin jihar ta soke dokar a Disamban 2022. Da zaɓe ya sauya alƙalai rinjaye ya koma hannun Republican, kotun ta janye hukuncinta a Afrilun 2023. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 2023 aka fara aiki da dokar, shekara biyar bayan jama'a sun amince da gyaran.

A ƙarƙashinta ofishin zaɓe na gunduma yana ba da kati kyauta, ana karɓar katunan jami'o'in da aka tantance, wanda kuma ya zo ba kati yana iya cike takardar uzuri ya jefa ƙuri'ar wucin gadi, a duba ta daga baya.

Jihar Nebada ta kama hanyar a 2024, inda kusan kashi 73 suka amince. Amma ƙa'idarta ta ce gyaran da jama'a suka kawo da sa hannunsu sai ya ci zaɓe sau biyu a jere, don haka aka sa Nuwamban 2026 don zagaye na biyu.