Darasi Na Goma Sha Biyu: Tsara Rubutu Don Ya Riƙe Mai Karatu

Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya hau matakin farko. Mataki na gaba shi ne ya rubuta abu, wani ya ɗauka ya karanta har ƙarshe bai ajiye ba. Sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a Birnin Kebbi yana rubuta sanarwa. Mai sayar da bandar kifi a Argungu tana tura wa abokan cinikinta saƙo ta WhatsApp. Waɗanda za su karanta kuwa kowa da abin da ke gabansa. In layi biyun farko ba su ja shi ba, ya wuce.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, aku ne yake tsare Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Aku ba ya zube labari gaba ɗaya. Yakan ɗan taɓo shi, har Musa ya ji yana son jin sauran, ya zauna. Abin da ake so farkon rubutu ya yi ke nan.

A ce an nemi ka rubuta wa baƙi labarin bikin kamun kifi na Argungu. Mutane da yawa za su fara da cewa Argungu gari ne mai tarihi da albarka. Gaskiya ne, amma wane gari ne ba a faɗa masa haka? Gwada wannan: “Da an harba bindiga, sai dubban masunta su ruga cikin kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, kowa na neman giwan ruwan da ya fi na kowa.” Yanzu mai karatu ya ga wani abu da idon zuciyarsa, kuma tambaya ta taso masa: me ya tara mutanen nan?

Amsar ita ce sakin layi na biyu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka shirya masa wasan su don murnar ƙarewar tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Daga nan wata tambayar za ta biyo: wa ke kula da ruwan? Sai ka kawo Sarkin Ruwa, da yadda ake hana su a wurin har lokacin biki ya zo, don kifi ya samu ya girma. Can gaba ka faɗi cewa a 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Ka ga kowane sakin layi magana ɗaya ya ɗauka, kuma shi ya buɗe wa na bayansa ƙofa. Labarin Muhammadu Kanta da gidan tarihin da aka sa wa sunansa yana da daɗi, amma in ka cusa shi a tsakiyar kamun kifi za ka ɓatar da mai karatu. Ajiye shi, ya isa rubutu guda shi kaɗai.

Lura kuma da abin da ya ba labarin ƙarfi: sunan kogi, sunan sarki, shekara. “Tun da daɗewa” da “wani babban mutum” ba sa zama a kai. Amma kada ka rubuta suna ko shekarar da ba ka tabbatar ba. Tambayi wanda ya sani tukuna.

Sanarwa kuwa tsarinta daban. Ba a jan rai a cikinta. In taron rabon taki ne na masu noman rani, layin farko ya faɗi abin da za a yi, da rana, da lokaci, da wuri. Na biyu ya faɗi abin da mutum zai zo da shi, ko katin ƙungiya ko kuɗi, kuma nawa. Dalilai da godiya su biyo baya. Manomin da ya bar injin ban ruwa yana aiki a fadama ba shi da lokacin da zai yi ta tonon rubutu yana neman ranar taro. Gaisuwa fa? Ba a yar da ita, mu ba mutanen da ke faɗa wa juna magana ba sallama ba ne. Sai dai sallama da layi ɗaya sun wadatar. Kirarin shugabanni a bar shi sai ranar taro.

Jimloli su zama gajeru, a sa aya inda numfashi ke tsayawa. A waya, a bar fili tsakanin sakin layi da sakin layi, domin dogon rubutu a cunkushe yana gajiyar da ido. Take ma ya faɗi abin da ke ciki: “Rabon Taki Ranar Asabar” ya fi “Sanarwa Mai Muhimmanci”.

In ka gama, karanta wa wani da babbar murya. Inda ka ga ya fara waige-waige, nan ne ya kamata ka rage.

Aiki: Rubuta sakin layi uku a kan ranar kasuwar garinku. Fara da abin da ido ke gani ko kunne ke ji, ka sa sunan wuri aƙalla ɗaya. Kawo shi aji mako mai zuwa, ka karanta wa 'yan'uwanka su faɗa maka inda suka so jin ƙari.