Kayan Sana'a da Tallafin Gwamnati: Darasi daga Amurka

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata ya shafi wata tambaya da ke damun masu ƙaramin ƙarfi a ƙasashen da gwamnati ke ba mabukata tallafin kuɗi. Idan tela ya nakasa, ya je neman taimako, za a ce masa sai ya sayar da keken ɗinkinsa tukuna? Bari mu duba yadda dokar Amurka ta amsa wannan tambaya.

A shekara ta 1974 ne aka fara biyan wani tallafi da ake kira SSI, domin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama, da makafi, da nakasassu marasa hali. Kafin a ba mutum, sai an ƙidaya dukiyarsa. Tun daga 1989, bai kamata ta wuce dala 2,000 ga mutum ɗaya ba, ko dala 3,000 ga miji da mata. Gidan da mutum yake zaune a ciki, da mota ɗaya ta zirga-zirga, ba sa shiga wannan lissafi.

To, yaya batun kayan aiki? Dokar ta raba su kashi uku.

Na farko, kayan da ake gudanar da sana'a da su. Keken tela, zarton kafinta, shagon ɗan kasuwa, har da kuɗin da ake juya sana'ar da su, ba a ƙidaya su, kome yawan darajarsu. Wannan sauƙi ya fara aiki ne a watan Mayu na 1990. Haka kuma kayan da ma'aikaci ya mallaka domin aikin da aka ɗauke shi.

Na biyu, abin da ke ciyar da gida ba tare da ciniki ba, kamar filin da iyali ke noma abincinsu. Ana yafe har dala 6,000 daga darajarsa, bayan an cire bashin da ke kansa. Abin da ya ɗara haka sai a ƙidaya.

Na uku, kadarar da ke kawo kuɗi amma ba sana'a ba ce, kamar filin da aka ba da haya. Ita ma ana yafe dala 6,000, muddin tana kawo ribar kashi 6 cikin ɗari a shekara.

Akwai sharaɗi babba: dole kayan su kasance ana aiki da su. Idan wani dalili da ya fi ƙarfin mutum ya tsayar da aikin, ana yi masa jinkirin wata 12, in akwai alamar zai koma. Idan nakasa ce ta tsayar da shi, ana iya ƙara masa wasu 12. Amma wanda ya rufe sana'a gaba ɗaya, kayansa sun zama dukiya kamar kowace.

Sai mu lura, yafe kayan aiki ba yafe riba ba ne. A ce telan nan yana samun ribar dala 485 a wata, ba shi kuma da wata hanyar samu. Za a cire dala 20, a cire 65, saura 400. Rabin wannan, wato dala 200, shi ne za a rage daga tallafinsa. Saboda haka mai aiki yakan fi mai zama samu.

Hikimar dokar a fili take. Wanda aka tilasta wa sayar da kayan aikinsa zai ci kuɗin cikin 'yan watanni, sa'an nan ya dogara ga gwamnati har ƙarshen ransa. Wanda aka bar masa su yana da hanyar komawa ga cin guminsa.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Mene ne bambancin dukiyar ajiya da kayan neman abinci?
2. Idan muka tashi taimakon mabukaci, da me muke auna bukatarsa: da abin da ke hannunsa, ko da abin da ke shiga tukunyarsa?